Sulle Hamsin-da-Biyu

A Yammedi idan ka ce Sulle kake nema, sai an tambaye ka wanne, don akwai Sulle mai faci, akwai Sulle na gidan liman. Amma da ka ce Hamsin-da-Biyu, nan take za a nuna maka gidan da baki, ba kuma wanda zai taso ya raka ka. Ba shekarunsa ba ne hamsin da biyun, ba kuma buhunan gyaɗarsa ba, don ko a shekarar da ƙasa ta yi wa kowa alheri bai haɗa rabin haka ba. Lambar jininsa ce. Wani bawan Allah ya faɗa masa ita sau ɗaya a ɗakin gwaji, shi kuma ya ɗauke ta ya naɗa a ka kamar rawani, ya yi ta yawo da ita shekara da shekaru, har ranar da ran matarsa Barira ya rataya a kanta.

Kafin lambar nan Sulle ba kowa ba ne, kuma abin yana cin sa. Karatun allo ya tsaya masa tun bai yi nisa ba, makarantar boko kuwa ko ƙofarta bai leƙa ba. A gona ba rago ba ne, ba kuma gwani ba. Da samartaka bai yi dambe ba, bai yi kokawa ba. Irin mutanen nan ne da ake gama rabon goro a wurin ɗaurin aure sannan a tuna suna zaune. Wani zai gode wa Allah da rufin asiri ya ci tuwonsa. Sulle kuwa kullum zuciyarsa na raya masa akwai wani abu a jikinsa da ya fi na kowa, mutane ne kawai ba su da ido.

Sai wata bazara, ana tsakiyar azumi, amai da gudawa suka kama shi. Ga zafi, ga shi ya ƙi karya azumin don kada a ce ya gaza. Da aka ga idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe ƙamas, aka ɗora shi a babur wani na tallafe da shi ta baya, aka kai shi asibiti a Karaye. Mai gwajin jini a lokacin wani dattijo ne, Malam Abdulmumini, mutum mai son yi wa marar lafiya bayani ko bai tambaya ba. Ya soki ɗan yatsan Sulle, ya kanga wani siririn bututun gilashi da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, jinin ya hau ciki da kansa. Ya toshe gindin da wani abu mai kama da yumɓu, ya kwantar da shi cikin wani inji mai murfi, injin ya ɗau juyi yana ƙara. Da ya tsaya, sai ga jinin ya rabu kamar ƙullun koko da aka ajiye ya kwanta: jan a ƙasa, ruwa mai ɗan rawaya a sama. Ya ɗora bututun a kan ma'auni mai layuka ya duba.

"Kai! Hamsin da biyu," in ji shi.

Sulle, da ko kansa ba ya iya ɗagawa, ya buɗe ido. "Malam, da yawa ne?"

"Da yawa mana. Idan aka kasa jinin mutum kashi ɗari, muna duba kashi nawa ne jan. Shi muke kira fisibi. Lafiyayyen namiji yakan kama daga arba'in zuwa wajen hamsin, mace ƙasa da haka. Naka ya haura. Amma kada ka ɗauka jini ne ya ƙaru, ruwan jikinka ne ya ƙare. Ka ga miya in ta daɗe a wuta takan yi kauri, ba don an ƙara mata kuka ba. Bari a sa maka ruwa, in ka warke ka dawo mu sake aunawa, za ka ga ya sauko."

Sulle ya tsinci "da yawa mana" ya sa a aljihu, sauran bayanin ya bar wa dattijon abinsa. Bai koma ba.

Ya dawo Yammedi a rame kamar kara, amma da sabuwar tafiya. A teburin mai shayi ya fara. Wai likita da kansa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, alhali Malam Abdulmumini ba likita ba ne, bai kuma faɗi haka ba. Kafin damina ta sauka labarin ya yi ƙiba, wai injin sai da ya yi hayaƙi, wai ma'aikata sun taru suna kallo. Samari suka laƙaba masa Hamsin-da-Biyu don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har in aka kira shi Sulle zalla sai ya yi kamar bai ji ba.

Daga nan ya zama alƙalin jinin gari. Duk wanda ya dawo daga asibiti, kafin a ce masa ya jiki, Sulle ya tare shi: "Nawa suka ba ka?" In ya ce arba'in da ɗaya, sai ya gyaɗa kai ya ce ba laifi, a ci gaba da ƙoƙari. In ya ce talatin da wani abu, sai ya bi shi da irin kallon da ake yi wa ragon da ba zai kai salla ba, ya ce, "Allah sarki. Ka riƙa cin wake." Bai san abin da ake aunawa ba. Shi dai babba ya fi ƙarami, kuma nasa ne babba.

Har alkawari ya yi wa gari, yana dukan ƙirji: duk wanda aka ce a ƙara wa jini kada ya wahalar da kansa, ga rijiya a gida. An kuwa gwada rijiyar. Da zazzaɓi ya shanye jinin 'yar maƙwabcinsa Jibo, Jibo ya zo da gudu. Sulle ya yi dogon tunani, sannan ya ce gaskiya shi yana tsoron Allah, jininsa ya fi ƙarfin jikin yarinya, zai iya fasa mata jijiya. Da aka zo don wani tsoho, ya ce ai tsoho ma haka. In kuwa majiyi ƙarfi ne ke kwance, ranar ko dai mura ta kama Sulle ko ya tafi gona mai nisa. A ƙarshe mutane suka daina zuwa, shi kuma ya ce ba su san darajar abu ba.

Mutum ɗaya ne ya saba ganin jinin Sulle da idonsa, Gwadabe wanzami. Mutanen yankin sukan yi ƙaho jefi-jefi, in jiki ya yi nauyi ko gab da faɗuwar damina, a tsaga bayan wuya ko gadon baya a zuƙe abin da suke kira mataccen jini, mutum ya ji wasai ya kama fartanya. Sulle ya mai da abin kamar cin tuwo. Ai mai hamsin da biyu dole ya riƙa ragewa, in ba haka ba tulun ya fashe. Kuma ba a zaure yake yi ba kamar masu kunya. Ranar kasuwa yake zaɓa, ya tuɓe riga a rumfar Gwadabe, ya zauna dirshan da ƙahoni kafe a baya yana amsa gaisuwa. In aka cire ƙaho aka juye abin da ya taru, sai ya ce wa masu wucewa, "Ku duba, wannan rara ce kawai." Gwadabe ya turo ƙasa da ƙafa ya rufe.

Sai basir ya same shi, mai zubar da jini. Wani zai tsorata ya nemi magani, Sulle daɗi ya ji, wai jinin ne ya yi yawa har yana nema wa kansa hanya. Da shekaru suka tura ya fara jin jiri in ya ɗago daga ruku'u, in ya ɗan taɓa noma sai haki, zuciya na bugawa fat-fat. Nan ma fassara ba ta ba shi wuya ba: jini ne ya hau kai, sai a tafi wurin Gwadabe a rage. In an rage jirin ya ƙaru, in ya ƙaru ya koma. Tafin hannunsa ya yi fari fat, amma wa ke duba tafin hannun manomi? Leɓɓansa kuwa goro ya rina su ja wur, su yake leƙawa a madubin baburan mutane yana jin daɗi.

Gwadabe dai ya lura. Abin da ke fita a da mai kauri ne, yanzu ya koma tsararo kamar zoɓon da aka yi wa ha'inci. Ya ce, "Sulle, da ka ɗan huta haka nan. Jinin nan ba kamar da ba." Sulle ya ce in hannunsa ne ya gaji ya faɗa, wanzamai ba su ƙare a ƙasar Karaye ba. Gwadabe ya ci gaba da tsagawa, wannan kuma nasa rabon laifin ke nan.

Barira 'yar Ruwan Bago ce, can ƙasar Rogo. Mace ce marar hayaniya, mai tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, kuma kowa ya san tukunyar gidan ta fi dogara da hannunta a kan gonar Sulle. Ta haifa masa 'ya'ya huɗu, kowace haihuwa tana tafiya da wani abu daga jikinta ba ta dawowa da shi. Da ta sami ciki na biyar ta je awo, aka tura ta ɗakin gwaji. Malam Abdulmumini ya daɗe da yin ritaya. Wata matashiya ce a wurin, Halima Sadiya, mai gilashin ido da ƙarancin wasa. Ta auna, ta sake dubawa, ta ja fatar idon Barira ƙasa ta leƙa.

"Yaya, jininki ashirin da shida ne. Ya yi ƙasa, haihuwa kuma ba a yin ta sai an zubar da jini. Za a ba ki ƙwayoyi ki riƙa sha, ki dage da zogale da wake, da hanta in ta samu. Amma babban abu, ki turo maigidanki mu auna shi, in watanki ya kama mu ɗebi leda ɗaya mu ajiye. In da hali ya zo da wasu cikin dangi. Kada a bari sai ana neman ceto a fara neman mai bayarwa."

Barira ta isar da saƙon da la'asar, bayan ta ajiye masa fura. Sulle ya saki ludayi ya yi lissafi da yatsu, fuskarsa ta washe.

"Ashirin da shida? Rabin nawa ke nan cif! Ashe shekarun nan da rabin mutum nake zaune."

"Malam, cewa ta yi ka je a ɗiba a ajiye."

"A ajiye a ina? A firjin da wuta ke kai wa ziyara? Jini yana nan a ma'ajiyar da Allah ya yi masa. Ranar da ake so, a kawo bokiti."

Daga ranar ya sami sabon abin ba'a. In ta tsaya ta dafa bango tana mai da numfashi, ya ce Rabin-Mutum an gaji. Har teburin mai shayi sai da ya kai labarin, sirrin matarsa guda, don kawai a gwada lambobin biyu. Hantar da aka ce ta ci kuwa, in ya sayo tsire ranar kasuwa a hanya yake gamawa da shi, ai babban jini shi ke buƙatar ci.

Barira tana da ƙanne maza biyu a Ruwan Bago, Mansur da Mika'ilu, ƙarti majiya ƙarfi. Labari ya kai musu, Mansur ya hau babur ya zo. Bayan an gaisa an tambayi gida da gona, ya ce, "Yaya Sulle, mun ji abin da asibiti suka ce. Ni da Mika'ilu za mu shiga Karaye a auna mu, in ya dace a ɗiba. Ba sai ka wahala ba."

Da gatse aka faɗa ko da zuciya ɗaya, Sulle bai tsaya bambancewa ba. Abin da ya hango shi ne teburin mai shayi, da ranar da za a ce matar Hamsin-da-Biyu sai da aka yi mata aron jini daga ƙasar Rogo.

"Ina raye? Ina numfashi za a ɗura wa matata jinin wani ƙato, da cikina a jikinta?"

"Haba Yaya, wane ƙato? Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Jinin ai ɗaya ne da nata."

"Shi ya sa! Na ga irinsa ai, ashirin da shida. Ku riƙe tsararonku. Duk wanda ya je asibitin nan da sunan matata, to ya wuce da ita gidanku gaba ɗaya."

Mansur ya miƙe ransa a ɓace. Barira ta bi shi zaure tana ba shi haƙuri, ta ce su bari kawai, kada a kashe mata aure a kan abin da wataƙila ma ba za a buƙata ba. Ya tafi yana ƙwafa.

Cikin ya tsufa, ƙwayoyin sun ɗan taimaka amma ba su kai inda ake so ba, Halima Sadiya ta sake aikowa. Sulle ya ga abin ya zama naci, wata rana da ya shiga Karaye ya biya don ya sa yarinyar nan a hanya. Ya tsaya a tagar ɗakin gwaji ya gabatar da kansa da lambarsa, yana jiran ta miƙe tsaye. Ba ta miƙe ba.

"Madalla, Malam. Kawo yatsa."

Sulle ya mai da hannu aljihu. "An riga an auna."

"Yaushe?"

"Tun kina firamare."

"Malam, jini ba tsawo ba ne da za a auna sau ɗaya a ce shi ke nan. Na bara daban, na bana daban. Hamsin da biyun ma ba abin murna ba ne, sau da yawa alama ce ruwan jiki ya ƙare. Kuma ga idonka nan ina gani..."

Bai bari ta ƙarasa ba, ya juya yana faɗin yaran zamani ba su da kunya. Amma abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, 'yar matakalar asibitin nan da ya hau sai da ta sa shi ganin duhu-duhu, kuma maganar dattijon nan ta miya da kuka ba ta taɓa barin kunnensa ba, danne ta kawai yake yi. Ba allura yake tsoro ba. Tsoro yake kada injin ya juya ya karɓe abu ɗaya tak da ya taɓa mallaka. Ya auna wannan da ran Barira, ya ga lambar ta fi nauyi, ya kama hanyar gida.

Naƙuda ta zo da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, kowa na gona. A kasuwar da ta gabata ma sai da aka kafa wa Sulle ƙaho, wai don a rage wa jinin kaifi kada ya yi wa Barira ƙarfi. Goggo, ƙanwar mahaifin Barira, ta riga ta zo zaman jiran haihuwa, ita ta matsa aka nemo mota da hantsi. Jibo, wanda aka taɓa hana wa 'yarsa jini, ya ajiye fartanya ya zo da ƙaninsa, ya ce bari su bi ko da za a nemi ƙari. Sulle ya tare ƙofar mota. "Ku koma gonakinku. Ni kaɗai na ishi mata uku." Suka koma.

Barira ta haifi 'ya mace wajen azahar, lafiyayya. Sai jini ya ɓalle. Ungozomomin asibiti suka yi iya yinsu har ya lafa, amma wanda ya zuba ya riga ya zuba, ga shi dama ba wani abin kirki gare ta ba. Halima Sadiya ta auna ta, goma sha uku. Ledar da ke firji ba irin nata ba ce. Aka fito ana kiran mijin Barira.

Sulle ya shiga yana naɗe hannun riga, yana ce wa mutanen da ke kan benci yau za su ga abu. Yau kam ba aljihun da zai ɓoye yatsa. Ta soka, sai da ta matsa kafin ɗigon ya fito, shi ma wani fari-fari. Bututu ya sha, aka toshe, inji ya ɗau juyi. Sulle ya tsaya yana kallon murfin, bakinsa na ta zuba, gumi na bin bayansa yana shiga tsagar ƙahon da ba ta gama warkewa ba. Inji ya tsaya, ta ɗora a ma'auni.

"Ashirin da biyar."

"Na wa?"

"Naka, Malam." Ta ɗaga bututun saitin taga. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gani, ɗan ja a gindi, sauran duk ruwa. Ko lambar da ya yi watanni yana yi wa dariya bai kai ba. "In na ɗebi leda a jikinka gawa biyu za a fitar. Kai ma gado ya kamata a ba ka. Da wa kuka zo?"

Ba kowa sai Goggo, tsohuwar da ba a ma maganar ɗibar jininta. Ta kama rigarsa. "Sulle, kira Mansur! Lambarsa na wayarka, kira shi don Allah!"

A nan duk mai ɗigon mutunci zai ciro waya nan take. Sulle cewa ya yi a sake aunawa. Ya ce injin ya tsufa, ya ce yarinyar ba ta iya ba, ya ce a nemo masa Malam Abdulmumini. Ya dafe wayar gam a aljihu yana rantsuwa ba zai tara wa kansa mutanen Ruwan Bago a kan kuskuren inji ba. Halima Sadiya ta bar shi tsaye ta fita tana roƙon masu jinya. Wasu bayin Allah suka miƙa hannu, Allah ya saka musu, amma ba wanda nasa ya dace. Ta dawo ta tarar yana nan yana miƙo ɗaya hannun, wai na dama ne ya sha aiki. Ta soka don ta rufe masa baki. Inji ya sake juyawa, Barira na can ciki tana ta yin nisa. Ashirin da biyar.

Sai a lokacin ya kira. Ko a wayar ma abin da ya iya cewa shi ne, "Injinsu ya lalace, wai ku zo."

Mansur da Mika'ilu suna gona. Suka bar gyaɗa a zube suka hau babur ɗaya, ko ƙafa ba su wanke ba. Tsakanin Ruwan Bago da Karaye ba nan kusa ba ne, hanyar kuma damina ta gama cinye ta. Suka iso bayan la'asar. Aka auna Mansur, arba'in da huɗu, jininsa kuma ya dace da nata kamar yadda ya faɗa tun farko. Yana kwance da allura a hannu, ledar ta kusa rabi, sai aka ji salatin Goggo daga ɗakin haihuwa.

Halima Sadiya ta kai hannu za ta zare allurar. Mansur, hawaye na gangara masa cikin kunne, ya ce, "Bar shi ya cika, Malama. A ba wata." Sulle na tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya dube shi.

A zaman makoki ya yi ta ba masu gaisuwa labarin injin da ya lalace. Kowa ya saurara, ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi, ba wanda ya ce masa haka ne. Jaririyar aka mayar mata da sunan uwarta, Goggo ta goya ta zuwa Ruwan Bago inda matar Mansur ke shayarwa, gidan masu tsararon jini. Sauran yaran ma ɗaya bayan ɗaya suka bi, don murhun gidan ubansu ya mutu. Sulle bai hana ba. Sunan Hamsin-da-Biyu yana nan, sai dai yanzu ba a faɗarsa da dariya, kuma teburin mai shayi yakan yi tsit in ya zauna.

Bayan an share makoki Gwadabe ya biyo ya sake yi masa gaisuwa, da zabirarsa a kafaɗa don daga aski yake. Suka zauna a zaure. Gidan shiru, ba ƙarar turmi, ba ƙamshin tuyar ƙuli. Da ya tashi tafiya Sulle ya rako shi bakin ƙofa, ya dafa bango, ya rage murya.

"Jiri nake ji, Gwadabe, ya fi na kullum. Baƙin cikin nan ya tayar da jinin, duk ya hau kai. Ko za ka ɗan kafa mini a wuya?"

Gwadabe ya dubi bayan wuyan nan, tabo a kan tabo, duk aikin hannunsa. Ya tuna ƙasar rumfarsa da ya yi shekaru yana turawa da ƙafa, da abin da ke binne ƙarƙashinta, wanda da yana jikin mai shi da ya ishi Barira har ta bar saura. Ya gyara zabira.

"Riƙe abinka, Sulle. Wadda ke buƙatarsa ta riga ta tafi."

Da kasuwa ta zagayo aka ga Sulle a bayan ɗan acaɓa ya nufi Beli. Wai ya ji labarin wani wanzami a can mai sauƙin hannu.